Jan Ganyen da Baba Ya Tsinko wa Fumino

Kurasawa,
Ƙarshen watan Nuwamba.

Zuwa ga Yayana Kiyoji,

Gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa daga ƙanwarka Tokie, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Lusiya da yara da jikoki baki ɗaya. Kullum da safe in na kunna turare a gaban hoton Inna nakan ambaci sunanka, in roƙe ta ta tsare min kai a can Barazil, ta kuma sassauta maka ciwon gwiwar nan da ka ce yana hana ka durƙusawa a gonar furanni. Na san yanzu ku zafi kuke shiga. Mu kuwa nan ƙanƙara ta riga ta yi fari a kan tsaunin bayan gida, saura ƙiris ta sauko mana ƙofa.

Labarin gida ga shi a taƙaice. Baba jikinsa da ƙwari daidai gwargwado, sai dai kunne ya yi nauyi, in za ka yi masa magana sai ka ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke hayin rafi. Ya daina hawa tsani tun bara, amma bai daina zaga itatuwan urushi, masu ruwan nan da ake shafe kwanukan katako da shi su yi sheƙi, yana duba tsagar da matasan yanzu ke yi ba, yana tsaki, wai suna yanka itace kamar masu jin haushinsa, ruwan da suke tara ko kwanon miya ɗaya ba zai shafe da kyau ba. Na rataye 'ya'yan itacen kaki a ƙarƙashin rufi don su bushe yadda Inna ke yi, birai sun kwashe kusan rabi. Gwaggo Shige ta maƙwabta tana nan, haƙori ya ƙare amma baki bai mutu ba. Kada ka yi mamakin tsawon wasiƙar nan. Na ƙi kiranka a waya ne da gangan, domin na san halinka, da na ɗauko magana mai nauyi sai ka tambaye ni ko an yi ruwa, ka miƙa wa Lusiya wayar. Takarda dai ba za ka miƙa wa kowa ba sai ka karanta.

Yaya, za a buɗe kabarin gidanmu. Mizuho, matar marigayi ƙanenmu Isao, ta ce za ta ɗauke tulun ƙasusuwansa daga cikin kabarin ta kai birnin Sendai inda take zaune, kuma limamin haikali ya riga ya sa rana kafin ƙanƙara ta toshe hanyar maƙabarta. Ba sai na fassara maka abin da hakan ke nufi ba. Tun da Isao ya rasu, kabarin nan ne kaɗai ke kawo su ƙauyen nan. Ranar da aka ɗauke shi, Fumino 'yarsa, jikar Baba tilo a ƙasar nan, ta gama taka gidanmu ke nan har abada. Zuciyata a ƙuntace take, barci ma ba na samu na kirki, kuma kai kaɗai ne nake ganin za ka iya hana wannan abu. Bari in ba ka labarin daga tushe, ka ji yadda wasan ganye da yara ya kai mu nan.

Kai ba ka san Mizuho ba, to ka ji daga bakina, yarinyar kirki ce. 'Yar birni ce gaba da baya, tana tsoron kwaɗo, tana goge cokali kafin ta ba 'yarta, ni ma da farko na raina ta. Amma shekara uku ke nan da rasuwar mijinta, ba ta taɓa fashin zuwa share kabari ba, bazara da kaka, ga aikin asibitin haƙori da take yi, ga rainon yarinya ita kaɗai. Bana ne ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Makarantarsu Fumino ta ba da ɗan hutu a watan jiya, sai ta kawo ta ta bar mana ita, ta ce ta ga yarinyar ta kai shekara bakwai, ya kamata ta san gidan ubanta ba a tsaye da jaka a hannu ba. Ta bar min jawabi kamar mai ba da ajiyar ƙwai, kada ta sha ruwan rafi, kada ta kwanta da jiƙaƙƙen gashi. Na ce mata, "Haba Mizuho, mu ma fa an raine mu a gidan nan, ga mu ba mu mutu ba." Ta yi dariya ta shiga mota. Da ka ga Baba a kwanakin nan da ba ka gane shi ba. Mutumin da ba mu taɓa jin waƙa a bakinsa ba, sai ga shi yana ɓare mata gasasshen dankali yana hura mata.

Malamarsu ta ba su aikin hutu, kowa ya yi wani abu da ganyen kaka ya kawo aji. Sai na kira Gaku da Nanase, jikokin Gwaggo Shige, su ne kaɗai yaran da suka rage a wannan ɓangaren ƙauyen, muka fita da kwanduna da safe. Mun tsinto ganyen itacen momiji ja da ruwan goro, da rawayan ganyen nan mai kamar mafici na bishiyar ƙofar haikali, da busassun 'ya'yan itatuwa masu hula. Na dama ƙullin shinkafa ya zama gam, na shimfiɗa tsofaffin jaridu a barandar gida, na fito da almakashin Inna. Waɗanda suka nannaɗe muka danne su da dutsen guga a tsakanin takardu. Fumino ba ta taɓa ganin ganye mai yawa haka wanda ba a hana ta taɓawa ba. Ta liƙa kifi mai jela uku, ta ce kifin Sendai ne, haka suke. Nanase ta yi malam-buɗe-littafi. Gaku kuwa, ɗan banzan yaro, ya haɗa wata dabba mai faɗin baki ya ce beyar daji ce, da Gwaggo Shige ta leƙo ta ga abin ta ce, "Kai ɗan nema, wannan ai ni ka zana, har da tabon goshina!" Ta bi shi da tsintsiya, yaran suna birgima don dariya. Daga nan suka ce su fuskar yanyawa suke so irin ta bikin haikali. Na yanka musu kwali, na huda idanu, na ɗaura zaren roba, ya rage su lulluɓe shi da ganye ciki da waje. Ana cikin haka na tuna ranar karɓo maganin Baba ce a asibitin gari. Na ce masa ya sa musu ido, ba zan daɗe ba. Ya kaɗa min hannu ya ce in tafi abina, shi da ya raini itace dubu, yara uku ba za su gagare shi ba.

Da na dawo, tun daga bakin hanya na hango yanyawa uku suna tsalle a tsakar gida. Biyu rawaya da ruwan ƙasa. Ta ukun ja ce wur, irin jan da duk dajin nan itace ɗaya ne ke yin sa, kai ka san shi fiye da kowa. Tun ban kashe mota ba na gane ganyen urushi ne, mai kumbura fatar wanda ya taɓa shi. Abin da ya faru, Gaku ne ya ba ni labari daga baya. Fumino ta ce jan momiji bai ishe ta ba, ita tana son wanda ya fi na kowa. Sai Baba ya kama hannunta ya hau da ita gangaren bayan rumbu, ya karyo mata reshen urushi da ganyensa, ɗanye, yana ɗigar ruwa. Gaku ya ce masa, "Kaka Genzo, wannan fa urushi ne, Mama ta ce ko kusa kada mu je." Baba ya ce, "Ku ta hana, 'ya'yan masu zaman ofis, fatarku kamar awara. Wannan jikata ce. Mu itacen nan ya san warinmu." Shi da kansa ya taya ta tsinke ganyen, ta shafa gam, ta liƙa har a cikin kwalin inda zai kwanta a kumatu. Ta rugo wurina tana ɗaga fuskar, ta ce, "Gwaggo Tokie, kalli! Ni kaɗai na iya taɓa shi. Kaka ya ce jinin Babana ne a jikina." Yaya, ban taɓa ganin alfahari a fuskar yaro kamar na ranar nan ba, kuma shi ne abin da ya fi ci min rai yanzu.

Na fizge kwalin, na goge mata fuska da hannuwa da man girki, na bi da sabulu, tana kuka wai na lalata mata aikin makaranta. Baba yana zaune yana min dariya, ya ce na zauna da 'yan birni har na koyi tsoronsu. Ashe ban ma san sauran ba. Kafin in dawo sun riga sun tara ragowar ganyen duka, har da reshen, sun hura wuta sun gasa dankali, ita ce mai tsugunawa a bakin hayaƙin tana juyawa da sanda. Ranar lafiya lau ta kwana, washegari ma haka, har na fara cewa a raina ƙila tsohon ya fi ni gaskiya.

Safiyar da ta biyo baya ta tashi tana sosa kumatu. Kafin rana ta yi tsaka fuskar ta haye, idanun sun zama 'yan tsaga biyu, ƙuraje masu ruwa sun feso daga wuya har bayan kunne, leɓe ya yi suntum. Na kira Mizuho na gaya mata, ta ce ga ta nan tafe. Na shiga ɗaki in haɗa kayan yarinyar mu tafi asibiti, fitowar da zan yi sai na tarar da su a baranda. Gwaggo Shige ta aiki Gaku rafi ya kamo ƙananan ƙaguwoyi, ta daka su a turmi da ransu, Baba ya riƙe kan yarinyar ita kuma tana shafa mata ruwan a fuska, ɓawo da ƙafafu duk sun manne a girarta. Har tsohuwar ta riga ta hau gangare ta zuba wa itacen giyar shinkafa, wai a ƙulla abota tsakaninsa da yarinyar ya sake ta. Na ce su dakata. Gwaggo Shige ta ce, "Ke Tokie rufe mana baki, da wannan aka warkar da uban kowa a ƙauyen nan, shi likitan yaushe aka haife shi?" Baba kuma ya ce ba urushi ba ne sam, wani ƙwaro ne ya cije ta, zuwa gobe za ta washe. To in ƙwaro ne, ƙaguwar ta mece ce? Ban tsaya musu ba, domin na ji muryar yarinyar ta canza, tana kirana a dishe, numfashinta yana fita da ƙara. Na sunkuce ta na sa a mota. Baba ya shigo baya da takalmin gona.

Likita ya ce hayaƙin ne ya shiga maƙogwaro, da mun ƙara jinkiri da labarin ya zama wani. Suka sa mata ruwa da allurai, suka wanke ƙarnin ƙaguwar, ma'aikaciyar jinya tana kallona kamar ni na daka. Da la'asar Mizuho ta iso da kayan aikinta a jiki. Ta tsaya a bakin gadon ta kasa gane 'yarta, sai da yarinyar ta ce "Mama" sannan ta gane ta. Duk da haka, Yaya, na rantse maka da abin ya tsaya nan da ta yafe. Na ga alama, har ta fara ce min kada in zargi kaina. Baba ya matso ya sunkuyar da kai, na ɗauka haƙuri zai ba ta. Sai ya ɗago ya dubi yarinyar, da babbar muryar nan tasa ta kurma wadda duk ɗakin ke ji, ya ce, "Ni abin da ya ɗaure min kai, ba a taɓa haifar ɗa a gidana da urushi ya kama ba. Isao da ganyen yake share hanci. To ita wannan, daga ina ta kwaso wannan fata?" Ni na san ba da mugunta ya faɗa ba, ruɗewa ce ta tsohon da abin da ya yarda da shi duk rayuwarsa ya watsa masa ƙasa a ido. Amma wace mace ce za ta ji wannan ta fassara shi da ruɗewa? Mizuho ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙe, ta gyara rigarta, ta rusuna masa har ƙasa irin rusunawar da ake yi wa baƙo, ta ce, "Na gode da ɗawainiyar da kuka yi da 'yata. Mun ba ku wahala. Za ku iya tafiya." Idanun Fumino a rufe suke, amma kunnuwanta lafiya lau.

A hanyar komawa gida na kasa haƙuri. Na tsayar da mota a gefen gada na juyo na ce, "Baba, ba a taɓa haifa ba? Yaya Kiyoji fa, a kasuwa aka sayo shi?" Ka yafe min da na tono wannan, na san ba ka son a taɓa shi. Amma ni ina da wayo a lokacin, ban manta ba. Na tuna damina uku a jere yana jan ka daji, kana dawowa fuska kamar kabewa, yana cewa jiki ne ke sabawa. Na tuna ranar da ya ɗiga maka ɗanyen ruwan a harshe wai ya shige ka gaba ɗaya, ka kwana biyu ba ka haɗiyi ko ruwa ba. Na tuna Inna tana naɗe maka hannuwa da tsumma don kada ka yage fatarka. Kuma na tuna Kakarmu, uwarsa, tana zaune a bakin murhu tana kallon Inna tana cewa, "Wannan yaro dai ban san jinin wa ya biyo ba." Ta faɗa a gaban baƙi, ta faɗa a wurin biki, Baba yana nan bai taɓa cewa ta bari ba. Inna ta haɗiye wannan magana har ta koma ga kakanni, kai kuma ka tattara ka haye teku. Duk na zazzage masa a cikin motar nan, ina ihu saboda kunnensa, ina kuka saboda haushi. Ka san abin da ya ce? Ya kalli tagar ya ce, "Shi wancan ragwanta ce ta kama shi." Da ba ubana ba ne, da a kan gadar nan na sauke shi.

Fumino ta yi kwanaki a asibiti, uwarta ta wuce da ita Sendai ba su biyo ta gida ba, ni na aika musu da jakarta. Na yi ta kira ba a ɗauka. Ranar da Mizuho ta ɗauka, ita ce ranar da ta gaya min zancen kabari. Ta ce fuskar ta saɓe, fata tana sakewa, likita ya ce ba za ta bar tabo ba. Amma yarinyar ta daina zuwa gaban hoton ubanta da safe. Da aka matsa mata sai ta ce, "Mama, in ni ba 'yar Baba ba ce, zai ji haushi in ina gaishe shi?" Mizuho ta ce min, "Yaya Tokie, ni an zage ni, na iya ɗauka. Amma ba zan riƙa hawa da ita tsauni sau biyu a shekara tana wuce itacen nan da mutumin nan kafin ta ga ubanta ba." Nan na ba ta labarinka, duka, ban rage ba. Ta ce in yi haƙuri, amma ita ba ta taɓa ganin ko hotonka a gidan ba, Isao kuma abin da ya sani kawai shi ne yana da wa a Barazil wanda ba ya zuwa. Ta ce ta san ina son in rufa wa tsoho asiri, ba ta ga laifina ba. Wato dai ta ɗauka ƙirƙira na yi. Kuma ina za ta ga hoton? Kai ma ka san wanda ya cire su daga bango.

Ban gaya wa Baba maganar da yarinyar ta yi ba sai da na ga yana shirin yin kamar ba a yi komai ba. Da na gaya masa, ya ajiye sandunan cin abinci ya tashi. Bayan kwana biyu na wayi gari na ga ya sa baƙar kwat ɗinsa ta jana'iza, ya ce in kai shi tashar jirgin ƙasa. Mutumin da rabonsa da birni tun auren Isao. Na bi shi, don ba zan bar shi ya ɓace a hanya ba. Ka san hannuwansa, baƙin urushi ya shiga har ƙarƙashin farce, ba sabulun da ke fitar da shi. Ya sayi farar safar hannu a shagon tasha ya sa. Mizuho ta buɗe ƙofa, ba ta hana mu ba, ba ta kuma ce mu shiga ba. Baba ya durƙusa a kan simintin baranda, a gaban ƙofofin maƙwabta, ya kafa goshi a ƙasa. Safar ta hana shi dafa ƙasa da kyau, sai ya cire ta. Daidai nan Fumino ta leƙo daga bayan uwarta, kumatunta jajaye da sabuwar fata. Tana ganin hannuwan ta ƙwalla ƙara ta ruga ciki, muka ji ta kulle kanta a banɗaki. Duk jawabin da ya shirya a jirgi bai fito ba. Ya daɗe a durƙushe, sai da na ɗaga shi. A jirgin dawowa ya ce min, "Ki gaya wa liman a ba ta tulun Isao. Mijinta ne." Tun daga ranar bai sake hawa gangaren ba, abinci ma sai na tsaya a kansa.

To ga abin da nake roƙonka. Ka kira Mizuho, na rubuta maka lambarta a bayan takardar nan. Ka kira ta ta wayar da ake ganin fuska, 'yarka Emi za ta saita maka, domin tana ganinka za ta ga goshin Isao da haɓarsa, ba mai ƙirƙiro wannan. Ka gaya mata da bakinka abin da itacen nan ya yi maka. In ta yarda, ka yi magana da yarinyar, ka ce mata kai wan ubanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kai ma haka fuskarka ta yi. Ban ce ka yafe wa Baba ba, ni kaina ban san ko na yafe ba. Ban ce ka zo ba. Na san shekara arba'in da wani abu kana gina rayuwar da babu Kurasawa a cikinta, kuma ba ni da bakin da zan ce ka yi kuskure. Amma akwai yarinya 'yar shekara bakwai da ke ɗauke da irin kayan da aka ɗora maka, ita kuma ba ta da jirgin da za ta hau. Ko da Mizuho ta ƙi janye zancen kabarin, aƙalla yarinyar ta koma gaishe da ubanta. In kuma ta janye, to ka dawo mana da ita gida ke nan. Lokaci ya ƙure, kada ka ce sai bayan sabuwar shekara.

Ka gaishe min da Yaya Lusiya, ka ce na gode da garin kofi, har yanzu ina lallaɓa shi. Ka gaishe da Emi da mijinta, da ɗanka Paulo, da 'yan jikoki waɗanda hoto kawai na san su. Gwaggo Shige ta ce a gaishe ka, ta yi sanyi sosai tun abin nan, har ta daina zagin kowa. Gaku da Nanase suna tambayata yaushe Fumino za ta dawo.

Ɗazu da nake rubutu Baba ya shigo ya tsaya a kaina ya tambayi wa nake rubuta wa. Na ce kai. Na tambaye shi ko in sa gaisuwarsa. Na ɗauka bai ji ba, zan maimaita sai ya ce, "Ki rubuta masa cewa uwarsa ba ta da laifi." Na ce, "Baba, Yaya ya san wannan tun yana yaro. Wadda ke buƙatar ji tana can cikin kabarin da za a buɗe, tulunta yana jingine da na Isao." Ya gyaɗa kai ya ce ya sani, shi ya sa ya roƙi liman, ranar da aka ɗaga dutsen kabarin a ba shi ɗan lokaci kafin a mayar, zai faɗa mata da bakinsa.

Ni dai ba na so a ɗaga dutsen nan, Yaya. Ka kira ta.

Taka ƙanwa mai ƙaunarka a kullum,
Tokie.